Littafin Saura Ƙiris

Babana ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa kiren, wato dogon injin nan mai wuya da ke ɗaga siminti da ƙarfe a wuraren manyan gine-gine. Kullum da safe sai ya hau tsani mai mataki ɗari da ɗoriya, ya shige ɗan akurkin gilashinsa da fulas ɗin shayi, ba zai sauko ba sai yamma. Abokan aikinsa suka sa masa suna Na Sama. Sunan ya biyo shi har gida, don ko mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, da shi take kiransa idan ya ba ta haushi.

Da gwiwoyinsa suka gaji da tsani aka sallame shi, muka koma ɗaki biyu a ƙasan wani bene mai hawa shida. Tagarsa tana kallon bangon wani sito, tsakaninsu bai fi taku uku ba. Mutumin da ya saba hango hadari tun yana can gefen gari, sai ya zamana ba ya sanin an yi ruwa sai ya ga bangon nan ya jiƙe. Ni ce autarsa, ni kaɗai na rage a gabansa, ina aiki a wani shagon buga takardu da fotokwafi. Wata takwas ina fita in bar shi a kujera, in dawo in tarar da shi a kujerar, rediyo na ta surutu ba mai saurare. Ya daina musu. Duk wanda ya san Baba ya san ranar da ya daina musu, to abin ya kai inda ya kai.

Sai Yayana, wanda ke aiki a nesa, ya aiko masa da ƙaramin jirgi marar matuƙi, irin mai farfela huɗu da kyamara a ciki. Na kira shi a waya na wanke shi tas. Na ce tsoho na neman maganin gwiwa, kai ka aiko masa da abin wasan yara, ka kyauta. Ban cika amsa kuskure ba, amma wannan kam na amsa.

Sati uku Baba bai tayar da abin ba. Ya sa na buga masa littafin bayaninsa da manyan baƙaƙe, ya karanta shi sau biyu da biro a hannu kamar mai shirin jarrabawa. Da ya kunna shi a karon farko ya ji ƙugin farfelun, sai ya ce, “Wannan ai zanzaro ne.” Shi ke nan, sunan ya zauna.

Akwai wani fili a bayan tsohon garejin bas, babu komai cikinsa sai ciyawa da wani ruɓaɓɓen tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe. Daga gidanmu tsayuwar bas uku ce. A nan masu irin wannan sha'awa suke haɗuwa duk Asabar da safe, ba su fi su bakwai ba. Babbansu wani likitan haƙori ne mai ƙaton ciki da dariya, shi ya fara gano filin. Akwai kuma Mai Hoto, wanda ɗaukar bukukuwa ce sana'arsa. Shi ba sha'awa ke kawo shi ba, yakan zo ne kawai ya gwada sabon jirgi, ya yi ta shawagi da shi dab da kawunan mutane yana cewa a yi murmushi.

Ranar da Baba ya shiga cikinsu, ranar suka san an yi baƙo. Kafin ya buɗe jaka sai da ya zagaye filin da sandarsa, gwiwa na ƙara, yana duba waya ko igiya ko wani da ya kwanta a ciyawa. Ya kafa sanda ya ɗaura mata tsumma don ya ga inda iska ta dosa. Ya jera gwangwanayen fenti huɗu, ya ce nan ne wurin tashi da sauka, kada ƙafar kowa ta shiga. Sannan ya zaro tsohuwar rigarsa mai ruwan ɗorawa ta wurin aiki ya miƙo mini.

“Sa wannan, Auta. Ke ce mai ba da hannu.”

“Baba, mutane na kallo fa.”

“To ai don su kalla aka yi ta da wannan launin. Direba ba ya ɗaga komai sai da ido a ƙasa. In kin ga mutum ya nufo, ki dunƙule hannu ki ɗaga. Ba sai kin yi magana ba.”

Likita ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya ce yau an kawo musu sufeto. Baba ko a jikinsa. Ya tayar da Zanzaro, ya miƙe da shi sama tsaye kamar ana jan guga, bai karkata hagu ko dama ba, har ya kai iyakar da littafin ya yarda. A nan ya tsayar da shi, ya fara juya kyamarar a hankali. Na leƙa fuskar wayar da ke maƙale a jikin rimot. Ga rufin gidaje, ga layin dogo, ga motoci ƙanana sun yi jerin gwano a kan gada.

“Kin ga dogon can mai shuɗin gilashi?” in ji shi. “Ni na ɗora masa rufi. Wancan na kusa da shi kuma a kansa aka zo aka gaya mini an haife ki. Sai da na gama sauke kayan da ke wuyan injin kafin na sauko, uwarki ba ta yafe mini ba har ta koma ga Allah.”

Ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin mu tare a ɗakin nan. Na juya baya ina kallon tankin ruwa kamar aikina nake yi, alhali hawaye nake sharewa da hannun rigar.

Haka muka yi shekara uku. Baba ya dawo da musunsa, ya dawo da cin abinci, har tsokanata yake in na makara. Tun Laraba yake fara cajin batir. Bai taɓa barin Zanzaro ya ƙetare iyakar filin ba, kuma bai taɓa bi da shi ta kan mutum ba. Dokarsa ta wurin aiki ce ya taho da ita: ba a ɗaga kaya a kan mutum, ko da kayan auduga ne. Sannu a hankali sauran suka bi sahunsa. Likita ma ya sayo tasa rigar mai ruwan ɗorawa, wadda ba ta rufe masa ciki.

Sai kuma littafin. Wani littafi ne mai baƙin bango da Baba ke ajiyewa a aljihun jaka, yana kiransa littafin saura ƙiris. A wurin gini, in ji shi, kowane direban kirki yana da irinsa. Ba haɗari ake rubutawa a ciki ba, abin da ya kusa zama haɗari ake rubutawa, da abin da aka yi aka kauce masa. Direban da littafinsa ya cika shi foman, wato shugaban ma'aikata, ke yarda da shi. Wanda nasa yake fari fat kuwa, ko dai maƙaryaci ne ko makaho, kuma shi ne zai kashe mutum wata rana.

To haka yake rubutawa a filin nan, da rubutunsa mai kama da tsakuwa. Kare ya shigo tsakanin gwangwanaye, an jira ya fita kafin a sauka. Farfela ta tsage, an gani kafin tashi, an canja. Iska ta juya, jirgin Likita ya kusa gogar tanki, daga yau ba a zuwa kusa da tanki. Wata mata ta ratsa da kwando, Auta ta ɗaga hannu, an tsaya. Ni ina ganin abin a matsayin tsufa ne kawai, kamar yadda wasu tsofaffin ke tara kwalabe.

Wata Litinin wani jirgi ya faɗo a tashar bas da ke tsakiyar gari, ya sauka a fuskar wata mata mai goyo. Farfela ta yanke ta daga gira zuwa kunne. Allah ya tsare jaririn. Ba a san mai jirgin ba har yau, don bai zo ya ce nasa ne ba, kuma wa zai zo? Rediyo ta kwana uku ba ta da zance sai wannan. Masu kira suna cewa ana leƙen matan mutane ta taga, ana tsorata yara, a hana kawai. Ba a jima ba hukumar gari ta kafa kwamiti, aka sa ranar jin bahasin jama'a.

Asabar ɗin da ta biyo baya ba wanda ya buɗe jaka. Suka tsaya a inuwar tanki suna shawara.

“Ni shawarata kowa ya ja bakinsa ya yi shiru,” in ji Mai Hoto. “Kada wanda ya je wurin nan. Wata biyu an manta. Ni da kuke gani ko sunana ba su sani ba.”

“Shiru ai na mai laifi ne,” Baba ya ce. “Mu me muka yi? Mutanen nan ba su san akwai masu yin abin nan da hankali ba. Mu je mu nuna musu. Ga shaida a rubuce.”

Ya ɗaga littafin. Likita ya karɓa ya duba, ya gyaɗa kai. “Wallahi Na Sama ya yi gaskiya. Duk wanda ya karanta wannan ya san ba 'yan iska ba ne mu.”

A nan ne na tsoma bakina, kuma da na san abin da zai biyo baya da na cije harshena har ya yi jini. Na ce wa zai tsaya karanta wannan rubutun? A ba ni in buga shi a shago. Baba ya ce a bar shi yadda yake, da dattin yatsa da komai, hakan ya fi nuna gaskiya. Na ce Baba, kai ka san kiren, ni na san takarda. Ya sakar mini.

Na zuba iyakar gwanintata. Na ja layi uku: kwanan wata, abin da ya kusa faruwa, abin da aka yi. Na sa wa kowane lamba, abin da Baba bai taɓa yi ba, don shi bai taɓa ƙirga su ba. A ƙasan shafin ƙarshe na rubuta da baƙi mai kauri: jimla, arba'in da ɗaya. Na sa bango mai sheƙi na ɗinke. Har maigidan shagonmu sai da ya ce aikin ya yi kyau, shi da yabo ke yi masa wuya kamar cire haƙori.

Zauren taron yana da fankoki uku, biyu ke aiki. An jera kujerun roba, a gaba kuma dogon tebur da mutum biyar a bayansa, shugabarsu wata mata mai farin tabarau da ba ta ɗaga murya. Matar da aka yanka tana layin gaba da filasta a rabin fuska. Mijinta ya yi magana da zafi, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Bayansa mutum goma sha wani abu suka tashi, kowa da abin da ya ji an ce. Mai Hoto bai zo ba.

Aka ba Baba minti uku. Ya tashi da rigarsa ta fita unguwa, ya jingine sanda, ya miƙa takardun da hannu biyu. Ya fara bayanin gwangwanaye da tsumma da mai ba da hannu. Shugabar tana sauraro tana buɗe shafuka, har ta kai na ƙarshe. Nan ta tsaya.

“Arba'in da ɗaya,” ta ce. “Duk a fili ɗaya?”

“A fili ɗaya, ranki ya daɗe, cikin shekara uku. Kuma ko ƙwarzane ba wanda ya taɓa yi.”

“Amma saura ƙiris.”

“Shi ya sa aka rubuta.”

Ta cire tabarau ta dube shi da kyau. Ta ce tun safe ake ta kawo musu ji-ta-ji-ta, shi kaɗai ne ya zo da abu a rubuce, kuma kwamiti zai yi amfani da shi sosai. Ta gode masa. Aka tafa. Likita ya rungume shi a bakin ƙofa. A cikin bas muna dawowa Baba sai murmushi yake yi shi kaɗai, ya ce, “Kin gani ko, Auta? Mutane in ka nuna musu gaskiya suna ganewa.” Ni ma bakina har kunne, ina jin cewa bangon nan mai sheƙi ya taimaka.

Bayan sati biyar wani ma'aikacin hukuma ya shigo shagonmu da tulin takardu, ya ce injinsu ya lalace, a yi masa kwafi talatin. Ina ɗora shafi ina ɗaukewa, hankalina na wani wuri, sai na ga aikina. Ba yadda za a yi in kasa gane shi, ni na zaɓi baƙaƙen. Shafi na goma sha biyu ne na daftarin rahoton kwamiti. Layi biyu ne kawai a ciki: kwanan wata, da abin da ya kusa faruwa. Layi na uku babu shi, wataƙila bai shiga faɗin takardar ba. A ƙasa ga arba'in da ɗaya ɗina da baƙinta mai kauri.

Na karanta abin da suka rubuta a ƙarƙashi ina tsaye, injin na ta aman takarda. Sun ce hatta waɗanda suka fi kowa taka-tsantsan sun amsa da kansu cewa sau arba'in da ɗaya aka kusa yin haɗari a fili guda, to ina ga sauran da ba sa rubutawa? Sun ba da shawara a hana tayar da irin waɗannan jirage a ko'ina cikin gari. Mai so sai ya yi jarrabawa ya karɓi lasisi, kuma wuri ɗaya tak za a ware, can bayan inda ake zubar da sharar gari. Kafin doka ta fito kuma, a rufe filin bayan garejin bas nan take, tunda shi ne wurin da aka tabbatar da matsala.

Na gama wa mutumin kwafinsa talatin da hannuna, na jera masa, na sa masa a leda. Na yi guda ɗaya na ƙari na kai gida.

Baba ya sa tabarau ya karanta shafin har ƙasa, ya juya bayansa, ya sake juyowa.

“Ina layi na uku?”

“Sun cire, Baba.”

“To ai shi ne littafin. Sauran biyun kowa ma zai iya rubutawa.”

“Ni na sa lambar nan. Kai ba ka ce a ƙirga ba.”

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ranar Asabar duk da haka ya sa na ɗauki jaka. Muka tarar an zagaye filin da waya, an rataye allo a jikinta. Gwangwanayenmu huɗu suna ciki inda muka bar su, tsumman na kaɗawa a kan sanda. Likita na tsaye a bakin wayar, babu dariya yau.

“Na Sama, ka kashe mu,” ya ce. “Har da jirgina da tanki ka kai musu. Shekara shida ina zuwa nan, ba wanda ya san da mu.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Likita, ba kai ka ce ya yi gaskiya ba? Ba kai ka rungume shi ba? Yau kuma shi kaɗai ne?”

“Auta,” in ji Baba, “ba a yi wa babba haka.”

Likita ya shiga motarsa ya tafi. Ko tayin rage mana hanya bai yi ba, shi da kullum sai ya yi. Daga ranar bai sake kiran Baba ba, sauran ma haka.

Baba bai haƙura ba tukuna. Ya ce kuskure ne na bugu, in aka nuna musu asalin littafin za su gyara. Na ɗauki hutun rabin rana muka je ofishin kwamitin, hawa na uku, ba lif. Ya hau mataki ɗaya-ɗaya yana hutawa. Muka sami sakataren, wani mutum mai sanyin hali da ya tashi ya ba Baba kujerarsa. Baba ya buɗe baƙin littafin a kan tebur ya yi masa bayani tun daga farko: direba, foman, littafi cike, littafi fari fat. Mutumin ya saurara har ƙarshe, bai duba agogo ba ko sau ɗaya.

“Baba, ba wanda ya ce ka yi laifi,” ya ce. “Amma in tambaye ka. A wurin ginin, wanda kake kai wa littafin, ya taɓa hawa kiren?”

“Sosai. Ba a zama foman sai an hau.”

“To ka gani. Mu nan ba wanda ya taɓa hawa. Mu abin da muka gani shi ne mace da ɗinki a fuska, da lamba a takarda. Kuma lokacin karɓar bayani ya wuce, rahoton ya riga ya tafi sama.”

“Za a sake zama?”

“Wataƙila, in dokar ta zo gaban majalisa. Amma gaskiya, Baba, yadda nake jin maganar, ƙara tsauri za su yi, ba ragewa ba.”

Ya rako mu har bakin matakala. Na so a ce mugu ne, da na sami wanda zan tsana. Saukowar ta fi hawan wuya.

Sau ɗaya muka gwada zuwa wurin da suka ce za a ware, don Baba ya ce a je a gani da ido. Bas biyu muka shiga, awa biyu da rabi. Inda bas na biyu ya ajiye mu, aka ce sai mun taka kamar minti arba'in a kan hanyar manyan motocin shara. Kwatan hanyar kawai muka yi. Gwiwarsa ta hagu ta ƙi, ya zauna a kan bakin kwalbati, motoci na wucewa suna watsa mana wari. Ya daɗe yana kallon hanyar da ta rage. Sannan ya ce in taimaka masa ya tashi, mu koma.

Bayan nan sai kujera ta dawo, rediyo ta dawo. A rediyon muke jin cewa daftarin ya wuce karatu na farko, an ƙara sharaɗin gwajin ido da na lafiya. Duk mai magana sai ya ambaci arba'in da ɗaya, har waɗanda ba su san daga ina ta fito ba. Na ji wani yana cewa sau arba'in da ɗaya jirage suka faɗo kan mutane a unguwa guda. Na miƙa hannu zan kashe, Baba ya ce in bari.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wata Lahadi ana biki a layinmu, na fito sayen burodi sai na ji ƙugi a sama. Jirgi ne yake yawo dab da kawunan 'yan biki, yara na tsalle suna son taɓa shi. Ga Mai Hoto a gefe da rimot, yana cewa a yi murmushi. Ya gan ni ya ɗaga mini hannu. Na koma gida ina huci.

“Baba, tashi mu hau saman bene. Na karɓo makullin a wajen mai gadi. Minti biyar kawai, ka miƙe da shi sama ka duba gari ka sauke. Kowa yi yake. Dokar ma ba ta fito ba.”

“Me ke ƙasan benen nan?”

“Titi.”

“Me ke kan titin?”



“Akwai mai sayar da lemo,” ya ce. “Akwai masu jiran bas. Akwai matar nan mai tagwaye da ke shanya a hawa na biyu. In batir ya mutu, a kan wa zai sauka?”

“Shekara uku bai taɓa mutuwa ba!”

“Saboda shekara uku ba mu taɓa yin abin da kike cewa ba.”

Na ce to shi ke nan, masu hankali su zauna a ɗaki, mahaukata su ci sararin sama. Na faɗa da ƙarfi, na buga ƙofa.

Asabar ɗin da ta wuce, da hantsi, ina haɗa masa shayi sai na ji ƙugin Zanzaro daga ɗakinsa. Na ɗauka ta taga ya fitar da shi. Na tura ƙofar a hankali da tire a hannu. Ya ture gado jikin bango, ya jera kofuna huɗu a kan siminti. Yana zaune a kujerarsa can lungu, Zanzaro na tsaye a iska dab da silin, labule na kaɗawa. Yana juya kyamarar a hankali yadda ya saba. Daga inda nake ina hango fuskar wayar: saman kwaba da ƙurarsa, ƙwan lantarki, taga da bangon sito, sai tsakar kansa da furfura.

Na taka ciki don in ajiye tiren. Nan take ya janye jirgin gefe, ya sauke shi tsakanin kofunan, farfelu suka tsaya.

“Kin shigo ƙarƙashi,” ya ce.

“Yi haƙuri, Baba. Ci gaba, zan tsaya a bakin ƙofa. In ɗauko rigar?”

“Bar ta. Na ga abin da zan gani.”

Ya cire batirin, ya naɗe Zanzaro a tsummansa, ya sa a jaka ya ja zif. Sannan ya ɗauko baƙin littafin ya buɗe sabon shafi. Ina tsaye a kansa ya rubuta kwanan wata, ya rubuta cewa Auta ta shigo ƙarƙashin jirgi da ruwan zafi a hannu. Ya kai biro wurin da ake rubuta abin da aka yi, ya daɗe bai motsa ba. Sai ya rubuta: an daina.

Ya miƙo mini jakar ya ce in ɗora ta saman kwaba, can ciki, inda hannunsa ba ya kaiwa.